Minti Biyar Na Farko: Yadda Fim Ke Faɗa Maka Irinsa Tun Kafin Kowa Ya Buɗe Baki

Waɗanda data ba ta bar su sun saurari muryar ba, ga rubutun nan kamar yadda muka saba sakawa.

Yau maganar buɗe fim za mu yi, wato fitowar farko, minti biyar ko goma ɗin nan da yawancinmu muke ja da yatsa mu wuce, wai ai sunaye kawai ake rubutawa. Ka taɓa lura in ka shigo ɗaki ka tarar an kunna fim, ko sunansa ba ka sani ba, kafin minti biyu ka riga ka gane ko na ban tsoro ne, ko na soyayya, ko na faɗa? Kuma ba wanda ya ce maka komai. To daga ina ka sani? Daga inda aka ajiye kyamara, da abin da ya shiga kunnenka, da wurin da aka kai ka. Darakta yana yi maka alkawari ne a wannan ɗan lokacin, yana cewa ga irin abin da za ka ji a jikinka nan da awa biyu, shirya. In ya iya alkawarin, ka zauna. In bai iya ba, ka koma TikTok.

Bari mu fara da Jaws, fim ɗin Steven Spielberg na 1975, na ƙaton kifin nan mai cin mutane. Abin da ka fara gani shi ne ƙarƙashin teku, kyamara tana kutsawa cikin ciyayin ruwa kamar mai neman wani abu. Abin da kake ji kuma sauti biyu ne kacal masu kauri, ɗaya na bin ɗaya, a hankali da farko, sannan suna ƙara sauri. John Williams ne ya yi kiɗan, ya kuma ci kyautar Oska da shi. Daga nan sai a yanke, a kai ka bakin teku da dare, samari da 'yan mata sun kewaye wuta ana kiɗa ana hira. Wata yarinya ta tashi da gudu ta faɗa ruwa za ta yi iyo. Sai kyamara ta koma ƙasan ruwa tana kallon ƙafafunta daga can ƙasa, tana matsowa, sautin nan biyu ya dawo.

Kun ga abin da aka yi mana? An ɗora mu a idon kifin. Mu mun san akwai abu a ƙasa, ita ba ta sani ba, kuma ba mu da bakin gaya mata. Wannan shi ne ginshiƙin fim ɗin ban tsoro: mai kallo ya riga wanda ke cikin fim ɗin sanin haɗari. Har aka gama da yarinyar nan ba a nuna kifin ba. Ruwa ya lafa, sai ƙarar wata ƙararrawa da ke yawo a kan teku. Abin dariyar shi ne, kifin roba mai inji da suka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri lokacin ɗauka, dole ta sa Spielberg ya rage nuna shi. Matsalar kayan aiki ce ta zama salo, kuma har yau masu fim ɗin tsoro suna cin gajiyarta.

John Carpenter ya ɗauki wannan dabara ya ƙara mata gishiri a Halloween na 1978, fim ɗin da kuɗin yin sa kimanin dala dubu 300 ne kawai. Kyamara ce ke tafiya kamar mutum, ta zagaya gida da dare, ta leƙa taga, ta shiga ta ƙofar baya, hannu ya jawo wuƙa a kicin, a hau bene. Sai a ɗauki abin rufe fuska a saka, hoton ya koma 'yan ramuka biyu, kana jin numfashin mai shi. Kai ne mai kisan, ko kana so ko ba ka so. Sai an fito waje an cire abin fuskar za ka ga yaro ne ɗan shekara shida.

To yanzu mu zo kan wanda ni a wurina babu kamarsa, kuma a nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri da ni. Once Upon a Time in the West, fim ɗin kaboyi na 1968, na Sergio Leone, mutumin Italiya, wanda ya ɗauki yawancinsa a ƙasar Sifen. Sama da minti goma na farkon fim ɗin nan, in ka tambaye ni me ya faru, zan ce maka mutum uku ne suke jiran jirgin ƙasa. Shi ke nan.

Tasha ce ta katako a tsakiyar fili, ba gida gaba ba gida baya. Mutum uku sanye da dogayen riguna masu ƙura suka shigo, suka kulle tsohon da ke kula da tashar, kowa ya nemi wuri ya zauna. Babu kiɗa ko ɗaya, alhali Ennio Morricone ne mai kiɗan fim ɗin, mutumin da duk duniya ta san shi da kiɗan kaboyi. Me kake ji? Farfelar injin jan ruwa da iska ke juyawa, tana ƙiiƙ, ƙiiƙ, ba ta fasawa. Na'urar aika saƙon waya tana ta ƙwanƙwasa har ɗayansu ya gaji ya fizge wayoyinta. Ruwa yana ɗiga daga tanki a kan ɗaya, bai matsa ba, hularsa kawai ya saka, ɗigon ya canza sauti, can da ruwan ya taru a bakin hular ya cire ya shanye. Ɗaya yana ta ƙas-ƙas da yatsunsa. Shi kuma babbansu ƙuda ne ya dame shi, ya sauka a gemunsa, ya hura ya hura bai tashi ba, ƙarshe ya rufe shi a cikin bakin bindiga yana sauraron kukansa kamar mai jin rediyo.

Kyamarar kuma iri biyu kawai take yi. Ko dai ta ja can baya ka ga mutum ya zama ɗan tsito a cikin fili, ko ta matso dab da fuska har kana ƙirga gumi. Filin yana gaya maka nan babu hukuma, babu ɗan sanda, in an kashe ka ba mai jin ihunka. Fuskar tana gaya maka waɗannan mutane sun saba jira irin wannan, kuma ba tarbar ɗan uwa suka zo ba. Sai jirgi ya iso da wata irin ƙara da za ta sa ka zabura, saboda kunnenka ya saba da shiru. Ba wanda ya sauko. Sun juya za su tafi, jirgi ya wuce, sai aka ji busar hamonika daga ɗaya gefen layin dogo. Charles Bronson ne a tsaye. Maganar da suka yi ba ta wuce jimla kaɗan ba, a kan dawaki, harbin kuma bai kai daƙiƙa biyar ba, mutum ukun suna ƙasa.

Minti goma na jira, daƙiƙa biyar na harbi. Leone ya riga ya koya maka yadda za ka kalli sauran fim ɗin: kar ka yi gaggawa, ka kalli ido, ka saurari ƙananan sautuka, mutuwa za ta zo ne farat ɗaya.

Me ya sa na daɗe a nan? Saboda da yawanmu mun san ɗan wannan fim ɗin ba mu san uban ba. Sholay nake nufi, na 1975, na Ramesh Sippy, wanda iyayenmu suka kalla a silima mu kuma muka tarar a kaset da faifai. Ku tuna yadda ya buɗe. Jirgin ƙasa ya tsaya a wata ƙaramar tasha da ba kowa, wani jami'i ya sauko, aka tarbe shi, suka hau dawaki suka ratsa ta cikin manyan duwatsu, kiɗan R.D. Burman yana tashi da jita da fito. A Ramanagara aka ɗauki duwatsun nan, a jihar Karnataka. Ba ka ga Amitabh ba, ba ka ga Dharmendra ba, ba ka ga Gabbar ba tukuna, amma jirgi da doki da dutse sun gama faɗa maka cewa wannan kaboyi ne aka sa masa rigar Indiya, za a yi 'yan fashi, za a yi ramuwar gayya. Har fitowar da Gabbar ya kashe iyalan Thakur, inda lilo ke ta ƙara shi kaɗai cikin shiru, daga hannun Leone aka koyo ta.

Ku ajiye wannan, ku ɗauko Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. Wa aka fara nunawa? Amrish Puri. Mutumin da in ka ga idanunsa ka san bos ya iso, shi ne fa Mogambo. Amma a nan yana tsaye a wani dandali a Landan, gari ya yi toka-toka, yana watsa wa tattabaru hatsi, muryar zuciyarsa tana maganar kewar gida. Sai hoto ya juye zuwa gonakin Punjab masu furanni ruwan ɗorawa, mata suna gudu da mayafai kala-kala ana waƙa. Tattabarun nan da sanyin kiɗan sun wanke masa fuskar bos, sun ce maka wannan uba ne, kuma rigimar fim ɗin ta cikin gida ce: tsakanin Landan da Punjab, tsakanin abin da uba ke so da abin da 'ya ke so. Launi kaɗai ya yi rabin aikin, toka a ƙasar baƙunta, ruwan ɗorawa a gida.

Na Baahubali kuwa, 2015, Rajamouli bai ɓoye komai ba. Mace ta fito daga kogo da kibiya a bayanta da jariri a hannu, sojoji na bin ta, ga wani ruwa yana zubowa daga dutsen da ba ka ganin ƙarshensa. Ta shiga kogi, ruwa ya shanye ta, hannunta ɗaya ya rage a sama riƙe da jaririn. Girman wurin da girman kiɗan sun ce maka tatsuniyar sarauta ce, kar ka tsaya tambayar yaya aka yi hannu bai gaji ba. Star Wars na 1977 ma haka, ƙaramin jirgi ya wuce, sai wani ƙato ya biyo shi ta saman kanka yana ta wucewa ba ya ƙarewa, ka san waye mai ƙarfi waye mai gudu ba tare da an ce uffan ba.

Wani ɗan tsokaci a nan kafin mu ci gaba. Mu da muke kallon yawancin finafinan Indiya da fassarar Hausa, akwai abin da muke asara. Sau da yawa mai fassara in ya ga wuri shiru a farkon fim, sai ya ga fili ya samu, ya cika shi da gaisuwa da talla da kirarin kansa. Ina son fassara, ita ta kai finafinan nan har ƙauyukan da ba a jin Indiyanci ko Turanci. Amma shirun nan da aka cike, wani ya yi wata guda yana gina shi.

Haske ma yana magana. The Godfather na 1972 ya fara ne da baƙin allo, sai muryar wani mutum, sai fuskarsa ta fito daga duhu. Yana ba da labarin 'yarsa da wasu samari suka yi wa dukan kawo wuƙa, kotu ta sake su. Yana magana kyamara tana ja da baya a hankali, a hankali, kusan minti uku, har sai ka ga kafaɗa da hannun wanda yake kai wa ƙara, Marlon Brando, ta baya. Mai ɗaukar hoton, Gordon Willis, ya sako hasken ne daga sama, idanun mutane suka faɗa cikin inuwa. A waje kuma biki ake yi na 'yar gidan, rana tar, ana rawa. Babu bindiga ko ɗaya a wannan fitowa, amma ka gane fim ɗin 'yan mafiya ne, kuma ka gane irin nasa: ana yanke hukuncin rai da mutuwa a ɗaki mai duhu, da murya ƙasa-ƙasa, yara suna wasa a tsakar gida.

Saving Private Ryan na 1998 ya yi akasin haka. Bayan 'yar gajeriyar fitowa a maƙabartar sojoji, sai a jefa ka gaɓar Omaha a Faransa, ranar 6 ga Yuni 1944. Kyamara a hannu take, tana rawa, ruwa da jini suna fallatsa a gilashinta ba a goge ba, an rage launin hoton ya koma kamar tsohon labarin yaƙi. Babu kiɗa. Da bom ya tashi kusa da Tom Hanks sai sautin duka ya toshe, kamar kunnenka ne ya mutu. Tsofaffin finafinan yaƙi da kiɗan badujala suke buɗewa, su ce maka zo ka ga jarumta. Wannan ya ce maka zo ka ga yadda ake mutuwa.

To akwai kuma masu yi maka alkawarin ƙarya da gangan, kuma su ma sai sun san dokar kafin su karya ta. Scream na 1996 ya buɗe da Drew Barrymore, wadda ta fi kowa suna a fim ɗin, hotonta ne a fasta. Tana gida ita kaɗai tana yin gugguru, waya ta yi ƙara. Kai ka san ƙa'ida, jaruma ba ta mutuwa a farko. Kafin minti goma sha biyar an kashe ta. Daga nan ba ka ƙara yarda da kowa ba har fim ya ƙare. Parasite na Bong Joon-ho, na Koriya ta Kudu, 2019, shi kuma ya fara da safa a rataye a bakin wata taga da ke daidai da ƙasan titi, ɗan kiɗa mai sauƙi, kyamara ta sauko ƙasa ta sami saurayi yana neman intanet ɗin maƙwabta na kyauta, ƙarshe sai a kusa da masai suka samu. Dariya za ka yi, ka ce barkwancin talakawa ne. Amma motsin farko da kyamara ta yi a fim ɗin sauka ƙasa ne, kuma wanda ya kalla har ƙarshe ya san inda saukar nan ta kai.

Mu dawo gida. Finafinanmu na Kannywood da masu dogon zango na YouTube su ma suna da nasu alamomin, kuma duk mun haddace su. In aka fara da hoton gari daga sama, sai ƙaton get, maigadi ya taso da gudu, motoci suka shigo a jere, ka san rigimar gidan Alhaji ce, gado ko kishiya ko ɗan da ya dawo daga Turai. In aka fara da carar zakara da luguden daka da katangar zana, ga wani ya fito da hula a karkace, ka san camama ce irin ta marigayi Ibro. Ku lura ma, a barkwanci kyamara tana tsayawa nesa ne a cikin haske sosai, don ka ga mutum gaba ɗayansa lokacin da ya faɗi. In aka matso dab da fuskarsa, zafin faɗuwar za ka ji, dariyar ta gudu.

Inda nake da ƙorafi shi ne, get ɗin nan da hoton sama sun zama na kowa da kowa. Fim ɗin soyayya da shi, na 'yan daba da shi, na aljanu ma da shi. Sannan kiɗan fiyano ya tashi tun daƙiƙar farko, ba zai huta ba sai an rubuta sunaye. In kowace fitowa da kiɗa, to kiɗan ya daina faɗin komai. Kuma a YouTube mai kallo ba tikiti ya saya ba balle ya ce bari in zauna in ci kuɗina, yatsansa na kan waya.

Ga masu ɗaukar gajerun finafinai da waya, ga wani gwaji da ba ya cin ko sisi. Nemi lungu ɗaya a unguwarku, da mutum ɗaya da zai bi ta cikinsa da leda a hannu. Ɗauka ta farko, da hantsi, ka tsaya nesa ka kafe wayar, a bar hayaniyar yara da akuya da hon ɗin adaidaita, shi kuma ya taho yana waige-waige. Duk wanda ya gani zai fara murmushi yana jiran ledar ta fashe. Ta biyu, da la'asar sakaliya lokacin da rana ta yi ja, ka matso kusa da fuskarsa, ka bar bayansa ya dushe, ya ɗan tsaya a ƙofar wani gida ya gyara hula. Ba sai an ce zance ya zo ba. Ta uku, bayan isha'i, ka bi shi ta baya da wayar a hannu, dab da ƙeyarsa, ba kiɗa, sai takunsa da ƙarar janareton maƙwabta. Yana tsakiyar lungun, a kashe janareton. Lungu ɗaya, mutum ɗaya, leda ɗaya. Ka tura wa abokanka ukun ba tare da ka rubuta komai ba, ka tambaye su wane irin fim ne kowanne.

Wanda ya gwada ya turo mana mu gani, za mu saka waɗanda suka fi a shafi. A shiri na gaba za mu ɗauko maganar shigowar jarumi a finafinan kudancin Indiya, me ya sa kullum sai an fara nuna takalminsa da ƙura kafin fuskarsa. Sai mun haɗu.